Humphrey Bogart da teku: watannin soja da shekarun Santana

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni mai sha'awar tsofaffin finafinan Amurka ne, irin na fari da baƙi. Na sha jin cewa Humphrey Bogart sojan ruwa ne kafin ya shiga fim, har ma wai tabon da ke leɓensa a yaƙi ya samo shi. Wasu kuma sun ce rabin rayuwarsa a kan wani jirgi mai tafiya da iska ya yi ta. Don Allah mene ne gaskiyar aikin sojan nasa? Shi kuma tuƙin jirgin, iyawa ce ta gaske, ko kuwa irin shagalin masu kuɗi ne da ake tuƙa su suna kishingiɗe? Ni ban ma gane yadda jirgi mara inji zai nufi inda iska take fitowa ba."

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya uku ka ƙulla a ƙunshi ɗaya: ko Bogart ya yi soja, ko ya yi yaƙi, ko kuma ya iya ruwa da gaske. Sojan ruwa kam ya yi, babu tantama. Yaƙi bai gwabza ba. Iya ruwa kuwa ya iya, amma ba a soja ya koya ba, kuma nan ne mutane suke cakuɗa zancen. Aikin sojansa bai fi shekara ɗaya da 'yan kwanaki ba, tuƙin jirgin iska kuwa tun yana yaro ya fara, bai bari ba sai da ciwon ajali ya kwantar da shi.

An haife shi ranar 25 ga Disamba 1899 a birnin New York. Mahaifinsa, Belmont Bogart, likitan tiyata ne, mahaifiyarsa Maud Humphrey kuma mai zane ce da ta yi suna a mujallu. Gidan masu hali ne, suna da gidan hutu a bakin tafkin Canandaigua a yammacin jihar New York, inda suke tarewa lokacin zafi. A wannan tafki mahaifinsa ya ɗora shi a kan ƙaramin jirgin iska. Kada ka raina tafki a wannan sana'a. Iskar tafki mai tuddai a gefe ba ta da alƙibla ɗaya, tana zuwa ne a guguje ta ɗauke, ta sauya gefe babu sallama. Yaron da ya koyi tuƙi a ƙaramin jirgi a irin wannan wuri, jikinsa ne yake koyon karatun iska, domin kuskure kaɗan zai tsinci kansa a ruwa. Babban jirgi yana yafe kuskure, ƙarami ba ya yafewa.

Leviathan

A 1918 ya bar makarantar Phillips Academy da ke Andover ba tare da ya kammala ba, karatu bai karɓe shi ba. A watan Mayu na shekarar ya shiga rundunar sojan ruwan Amurka yana da shekara 18. Watannin farko a horo suka tafi. Kafin a tura shi jirgi, an riga an tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya ranar 11 ga Nuwamba 1918. Wannan kwanan wata shi ne mabuɗin tambayarka: ya hau jirgin aikinsa ne bayan igwa ta yi shiru.

Jirgin shi ne Leviathan, kuma tarihinsa ya fi na sojan da muke magana a kai armashi. Na Jamus ne tun asali, sunansa Vaterland, an ƙera shi a Hamburg don jigilar fasinja, tsawonsa kimanin ƙafa 950, wato kusan mita 290. Lokacin da ya fara aiki a 1914 babu jirgin da ya kai shi girma a duniya. Yaƙi ya ɓarke yana tashar Hoboken, daura da New York, sai ya maƙale a can kusan shekara uku, don fita teku na nufin faɗawa hannun sojan ruwan Ingila. Da Amurka ta shiga yaƙin a Afrilu 1917 ta ƙwace shi, ta gyara injinansa, ta sauya masa suna, ta mayar da shi jirgin jigilar soja. Ya kan ɗebi mutum sama da 10,000 a sawu ɗaya, wani sawun har ya kusan 14,000. Saurinsa ne kariyarsa, domin jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku na wancan zamani ba sa iya cim masa.

Aikin da Bogart ya tarar shi ne kwaso sojojin Amurka daga Turai, musamman tashar Brest ta Faransa, a dawo da su gida. Daga baya an mayar da shi wani jirgin jigilar, Santa Olivia, aka sallame shi a watan Yuni 1919. Ranar ƙaramin sojan ruwa a irin wannan jirgi ba ta da kyalkyali: gadi na awa huɗu-huɗu dare da rana, wankin dandamali, kankare tsatsa da shafa fenti, tsayuwar hangen teku cikin sanyin arewacin Atlantika, atisayen sauke kwalekwalen ceto. Ga kuma lodin kwal, domin da shi tukwanen tururin jirgin suke ci, kuma ranar lodi ƙura ba ta barin kowa. Abin da mutum yake samu a nan shi ne ladabin jirgi, sunayen sassa, ɗaurin igiya, da sabo da teku. Amma jirgin tururi mai tan dubu hamsin da ɗoriya ba ya koya wa kowa sarrafa iska. Sana'a biyu ce daban, kamar direban tirela da mahayin doki.

Maganar tabo

Labari uku ne suke yawo. Na farko, wai ɓarɓashin harsashin igwa ne ya same shi a kan Leviathan. Wannan ya faɗi da kansa, tunda bai hau jirgin ba sai bayan yaƙi. Irin labaran da ofisoshin tallan kamfanonin fim suke ƙagawa ne don ƙara wa tauraronsu kwarjini, kuma a wancan zamani hatta ranar haihuwar ɗan wasa suna iya taɓawa. Na biyu, wai an ba shi rakiyar wani fursunan soja zuwa kurkukun sojan ruwa na Portsmouth, fursunan ya roƙi taba, ya shammace shi ya doke shi a baki da ankwar hannunsa. Wannan ya fi kama hankali, domin rakiyar fursuna aiki ne da ake ba ƙananan sojoji, sai dai labarin baki ne, kuma kowane mai ba da shi da irin nasa ƙarshen. Na uku, wasu da suka san shi sun ce tun yarinta ya ji ciwon. A ganina, idan za ka faɗa wa wani, ka tsaya a kan abin da kwanan wata ya tabbatar: ba raunin fagen fama ba ne.

A Yaƙin Duniya na Biyu ya nemi komawa soja, aka ce shekarunsa sun wuce, don ya haura 40. Sai ya shiga sahun 'yan sa-kai na rundunar tsaron gaɓar teku a 1944. Waɗannan fararen hula ne masu jiragen kansu, ba a biyansu albashi, suna ba da wasu awoyi a mako suna sintiri a bakin gaɓa da mashigin tashoshi. Ba aikin banza ba ne a idon mutanen Kalifoniya, domin a Fabrairu 1942 wani jirgin ƙarƙashin teku na Japan ya harbi wurin haƙar mai na Ellwood kusa da Santa Barbara. Za ka ga an rubuta a wurare da yawa cewa da Santana, jirginsa mai tafiya da iska, ya yi wannan sintiri. Lissafin bai fita ba: bai sayi Santana ba sai 1945. Jirgin da yake hannunsa a lokacin mai inji ne, Sluggy, laƙabin matarsa ta lokacin, Mayo Methot.

Wane irin jirgi ne Santana

Nan ne zancen yake da nama. Kamfanin zanen jirage na Sparkman & Stephens ne ya zana shi, aka ƙera shi da katako a Wilmington, kusa da tashar Los Angeles, a 1935, don wani attajirin mai, W. L. Stewart. Sunan gajarce Santa Ana ne, wata iska da zan dawo kanta. Tsawonsa ƙafa 55, kusan mita 17. Ya bi ta hannun 'yan fim da dama, George Brent da Ray Milland, kafin Bogart ya saye shi daga Dick Powell a shekarar da ya auri Lauren Bacall.

Da farko sikuna ne, wato jirgi mai jigo biyu (jigo shi ne doguwar sandar tsaye da ake ɗaura filafili a kanta) wanda na gaba ya fi na baya gajarta. Kafin ya iso hannun Bogart an mayar da shi yol: dogon jigo ɗaya a gaba, da ɗan ƙarami can ƙeya, bayan sandar akalar jirgin. Wannan wurin zaman ƙaramin jigo shi ne ya raba yol da ɗan'uwansa keci, wanda nasa yake gaban sandar akala kuma ya fi girma. Dalilin sauyin ba ado ba ne. Sikuna gwani ne idan iska tana bugowa daga gefe, amma yol ya fi shi iya kutsawa cikin iska, ba ya buƙatar hannaye da yawa, kuma dokar awon tsere ta Amurka a wancan zamani tana sassauta masa.

Filafilan yol na yau da kullum, wato manyan ƙyallayen da iska take bugawa ta tafi da jirgin, uku ne. Akwai babba, wanda yake hawa dogon jigo, gindinsa ɗaure da wata sanda a kwance da ake kira bum. Akwai jib, mai kusurwa uku, a kan wayar da ta tashi daga goshin jirgi zuwa jigo. Sai mizin, ƙaramin na ƙeya. Kowane filafili igiya biyu ce take mulkinsa: ta ɗagawa, wadda take kai shi sama, da ta ja, wadda take tsuke shi ko ta sassauta shi gwargwadon iska. Igiyar ja ta jib a jirgi mai wannan girma ba a riƙe ta da hannu, sai an naɗa ta a winci, wato wata gangar ƙarfe mai juyawa da ake jan igiya da ita. A ƙarƙashin ruwa kuma akwai kil, wani dogon ƙashi mai nauyin dalma tan da yawa a gindinsa, da allon akala a bayansa.

Yadda ake tafiya saɓanin iska

Jirgi ba ya nufar idon iska kai tsaye, wannan gaskiyarka ce. Abin da yake iyawa shi ne ya karkata kimanin digiri 45 daga gare ta. A wannan hali filafili ba buhu ba ne da iska take turawa, fiffike ne. Iska tana bin bayansa mai lanƙwasa, matsinta ya ragu a can, sai a sami ƙarfi mai jan filafilin zuwa wancan gefe. Mafi yawan wannan ƙarfi gefe yake nufa, kaɗan ne yake nufar gaba. Aikin kil shi ne ya ƙi yarda jirgin ya zame gefe, don haka abin da ya rage sai gaba. Ka ɗauki ƙwallon mangwaro mai santsi ka matse shi tsakanin yatsu biyu, za ka ga ya fice ta gaba alhali ta gefe ka matsa. Iska yatsa ɗaya ce, ruwan da yake tokare kil ɗaya yatsan. Dalmar gindi kuma ita take hana jirgin kifewa: duk yadda ya kwanta, nauyin yana ƙoƙarin miƙar da shi.

Saboda haka wanda zai je inda iska take fitowa sai ya yi tafiyar maciji, dama da hagu. Farashinta shi ne nisa: kowane mil ɗaya na miƙe zai ci kusan mil ɗaya da rabi.

Juyawa daga wannan gefe zuwa wancan ita ce jarrabawar farko ta matuƙi. Da fari sai ya tabbatar jirgin yana da gudu, domin akala ba ta aiki sai ruwa yana bi ta kanta. Sai ya yi shela, mutum ɗaya ya tsaya a wincin da yake riƙe da jib, wani ya naɗa igiyar ɗaya gefen sau biyu a nasa wincin. Matuƙi ya juya goshin jirgi cikin iska a hankali, ba fizga ba. Daidai lokacin da jib ya fara kaɗawa, na farko ya saki igiyarsa gaba ɗaya. Goshi ya ratsa idon iska, bum ya tsallaka da kansa, na biyu ya ja da sauri da hannu tun filafilin bai cika ba, ya ƙara naɗi, sannan ya sa marikin winci ya ƙarasa tsukewa. A hannun waɗanda suka saba, duka wannan bai kai rabin minti ba.

Inda ake samun matsala sananne ne. Idan aka juya babu gudu, ko aka saki jib da wuri, jirgin zai tsaya cak yana kallon iska, filafilai suna ta kaɗawa, akala ta mutu, har ya fara ja da baya. Maganinsa a riƙe jib a gefen da bai dace ba da gangan, iska ta tura goshin ya faɗa gefe ɗaya. A yol akwai ƙarin tarko: mizin da aka tsuke da yawa yana aiki kamar jelar kibiya, kullum yana mayar da goshi cikin iska, don haka sai an sassauta shi. Idan aka makara wajen sakin jib, iska za ta cika shi ta baya ta wuce da jirgin fiye da inda ake so. Idan igiya ta hau kan 'yar'uwarta a winci ta cije, ba a kwance ta da ƙarfi, sai an ɗaura wata igiyar an ɗauke mata nauyin. Yatsu da yawa sun tafi a wannan wuri.

Abin da ya fi waɗannan haɗari yana faruwa ne lokacin da iska take bayanka, lokacin da baƙo yake ganin komai lafiya. Bum yana can waje gefe ɗaya. Matuƙi ya ɗan shagala, ko igiyar ruwa ta murɗa ƙeyar jirgi, iska ta kama bayan babban filafili, sai bum ya sharo daga wannan gefe zuwa wancan da ƙarfin da zai iya fasa kai ko ya jefa mutum teku, wani lokaci ya tsinka wayar da take riƙe jigo. Shi ya sa ake ɗaure bum da wata igiya zuwa goshi idan za a daɗe a wannan hanya.

Idan iska ta ƙaru

Ƙarfin iska a kan filafili ba ya ƙaruwa daidai da gudunta. Idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Jirgin da yake tafiya cikin daɗi a iska mai gudun mil 10 na teku a awa, a mil 20 zai kwanta har ruwa ya hau dandamali, sitiyari ya yi nauyi, goshi ya riƙa fizgewa cikin iska. Sabon shiga yana ɗauka wannan gudu ne. Ba gudu ba ne, jirgin da ya kwanta da yawa zamewa yake yi, akala kuma ta zama birki. A nan ake rage filafili: a sassauta igiyar ja, a sauke babban filafilin zuwa layin ramukan farko, a ɗaure sabuwar kusurwar gaba, a ja ta baya ta miƙe a kan bum, a sake ɗagawa, sannan a naɗe abin da ya yi saura. Kuskuren da aka fi yi shi ne jinkiri, domin aikin da mutum biyu za su yi cikin minti biyar tun da wuri, bayan rabin awa sai ya gagari mutum huɗu. Wani kuskuren shi ne ɗaure ƙananan igiyoyin tsakiya tamau kafin a ja kusurwar baya, nauyi ya koma kansu, filafili ya yage.

A nan yol yake nuna amfaninsa. Idan abin ya yi tsanani, sai a sauke babban filafilin ɗungurungum, a tafi da jib da mizin kawai, ɗaya a goshi ɗaya a ƙeya, jirgin ya daidaita kamar kaya a kan jaki.

Hanyar Catalina

Inda Bogart ya fi zuwa shi ne tsibirin Catalina, kimanin kilomita 35 daga gaɓar Los Angeles. An ce ƙarshen mako wajen talatin a shekara a ruwa yake yin su. Jirgi irin Santana yana da iyakar gudu da tsawon jikinsa a ruwa ya yanka masa. Tsawon nan kimanin ƙafa 40 ne, lissafin masu zane kuma yana ba da mil 8 da rabi na teku a awa, wato ƙasa da kilomita 16. A zahiri mil 6 ya fi zama ruwan dare, don haka tsallakawar awa uku ce zuwa huɗu, ko fiye idan iska ta ƙi. Da safe mashigin ya kan kwanta lumui, wani lokaci da hazo, sai rana ta take iskar yamma ta taso ta yi ƙarfi zuwa la'asar. Wanda ya san wurin da wannan jadawali yake tsara fitarsa. Ga manyan jiragen kaya masu shiga da fita tashar Los Angeles, waɗanda ba sa iya kauce wa kowa. A shekarun 1940 babu na'urar tauraron ɗan'adam, da kamfas da taswira da agogo ake lissafin inda ake.

Iskar Santa Ana, wadda jirgin ya ci sunanta, ita ce abin tsoron wannan hanya. Busasshiyar iska ce daga hamadar cikin ƙasa, daga arewa maso gabas, mafi yawa tsakanin Oktoba da Maris. Ka ƙaddara hunturunmu ne, amma mai saukowa ta tsakanin duwatsu da ƙarfi. Mafakar jirage a Catalina, har da ta garin Avalon, galibi suna gefen da yake kallon babbar ƙasa, domin nan ne tsibirin yake tare iskar yamma. Ranar da Santa Ana ta taso, wannan mafaka ita take zama tarko: iska da raƙuman ruwa suna tura jirgi kan duwatsu, babu wurin ja da baya. Alamunta sanannu ne, sararin sama ya washe ƙal, iska ta bushe, raɓar da aka saba gani a dandamali da dare ta ɗauke. Mai hankali yana ganin haka zai ɗaga anka ya zagaya bayan tsibirin ko ya fita fili, ko da tsakar dare ne.

Ita kanta ankar, ba nauyinta ne yake riƙe jirgi ba, kwanciyar sarƙarta ce. Ana sakin igiya ko sarƙa ninki biyar zuwa bakwai na zurfin ruwa, don jan ya zo a kwance, haƙoran anka su nutse cikin yashi. A ruwa mai zurfin mita 6, mita 30 zuwa 42 ke nan. Wanda ya taƙaita, jan zai zo daga sama ya tumɓuke ta. Wanda ya jefa ta a kan ciyawar teku, wadda ta yi yawa a gaɓar Catalina, zai ji kamar ta kama alhali ganye ta riƙe.

Wahalar katako da auduga

Jirgin wancan zamani ba ya haƙuri da sakaci. Filafilan auduga ne, kafin zaren roba ya karɓe kasuwa a shekarun 1950. Idan aka naɗe su da danshi sai su yi fumfuna su ruɓe, sabo kuma sai an lallaɓa shi a iska mai sauƙi, in ba haka ba ya miƙe ya ɓata siffarsa har abada. Igiyoyin zaren tsiro suna tsukewa idan sun jiƙa, don haka wadda aka ɗaure tamau da rana, ruwan sama ko raɓa na iya sa ta yaga abin da take riƙe. Tsakanin allunan jikin jirgi auduga ake cusawa a toshe, katakon ya sha ruwa ya kumbura ya matse ta. Jirgin da ya daɗe a tudu ya bushe, ranar da aka mayar da shi ruwa sai an kwana ana famfo. Ana fitar da shi a kai a kai a kankare gindinsa a shafa fenti mai tagulla, saboda tsutsar teku mai huda katako ta ciki ba a gani. Abin mamaki, ruwan gishiri ba shi ne babban mai ruɓar da katako ba, ruwan sama ne da yake ɗiga ta dandamali ya kwanta a lungun da iska ba ta shiga.

Saboda wannan ne Bogart yake da ma'aikacin jirgi na dindindin, kuma a nan zarginka na shagalin masu kuɗi yake da ƙafa. Talaka ba ya riƙe jirgi mai ƙafa 55. Amma biyan mai kula da jirgi daban, riƙe sitiyari daban. Abin da ya raba gardama shi ne tsere: Bogart ya riƙa shiga tseren jiragen iska na kudancin Kalifoniya da Santana, yana tuƙi da kansa, kuma ya ci kofuna. A tsere ba a ɓoye rashin iyawa, domin kowane juyi da aka makara ana ganinsa daga sauran jirage, kuma 'yan ƙungiyoyin jiragen ruwa na wancan lokaci ba su cika ganin 'yan fim da gashi a ka ba. Sun karɓe shi a matsayin matuƙi.

Son jirgin ya bi shi har wurin aiki. Da ya kafa kamfanin shirya finafinai nasa a 1948, Santana ya sa masa, kuma jirgin da yake tuƙawa a ƙarshen fim ɗin Key Largo na wannan shekarar sunan da aka rubuta masa ke nan, ko da yake mai inji ne. Fim ɗin da ya ba shi kyautar Oscar, The African Queen na 1951, matuƙin ɗan jirgin tururi ya fito a ciki. Sai dai kada ka auna iyawarsa da abin da ka gani a allo, yawancin irin waɗannan fitowa a ɗakin ɗaukar hoto ake haɗa su. Haka kuma bayanin da na yi maka na juyi da rage filafili zai sa ka gane abin da kake kallo ne kawai, hannu ba ya koyonsa sai a kan ruwa tare da wanda ya iya.

Bacall ba ta jure teku kamarsa ba, jiri yake sa ta, don haka sau da yawa da abokansa maza yake fita. Ya rasu ranar 14 ga Janairu 1957 da ciwon dajin maƙoshi, yana da shekara 57. A taron addu'ar da aka yi masa a wani coci a Beverly Hills, ƙaramin samfurin Santana aka ajiye a gaba a madadin akwatin gawa. Jirgin kansa ya ci gaba da sauya hannu, ya taɓa nutsewa a wurin ajiyarsa aka tsamo shi, daga baya aka yi masa gagarumin gyara a jihar Rhode Island, aka mayar da shi ruwa a 2016 da jigo biyu irin na yol, yadda yake a hannun Bogart.